Daga Ƙunzugu Zuwa Audugar Kanti: Tarihin Hailar Fari da Kayan Tsaftar Mata a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

1.0 Gabatarwa

Masana tarihin ƙasar Hausa sun daɗe suna ba da ƙarfinsu ga sha'anin sarauta da yaƙi da fatauci, kuma sun yi aikin da ya cancanci yabo. Sai dai akwai wani al'amari da ya shafi rabin al'umma, wanda ke zagayo wa mace wata bayan wata tun tana wajen shekara 13 har ta kusanci 50, amma da wuya a ji an ambace shi a zauren taro irin wannan. Wannan al'amari shi ne haila, da kuma abin da mace ke tare jininta da shi.

Abin da ya ja hankalinmu ga wannan batu ya faru ne sa'ad da muka je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke wannan yanki. Ɗalibinmu ya yi wa wata yarinya tambaya, ya ce ta miƙe ta amsa, ta ƙi tashi. Ya maimaita, ta sunkuyar da kai. Ya ɗauka raini ne, ya yi mata faɗa a gaban aji. Sai bayan an tashi, kowa ya watse, wata malama ta gano cewa ranar ce yarinyar ta fara ganin jini, kuma ya ɓata mata tufafi. Yarinyar ba ta sake zuwa makaranta ba har muka gama makonninmu a garin. Laifin ba na ɗalibinmu kaɗai ba ne, domin mu da muka horar da shi ba mu taɓa yi masa wannan magana ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin sawun yadda yarinya a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta riƙa tarbar hailarta ta fari, da wanda ke koya mata, da kayan da take amfani da su, tun daga ƙarni na 19 har zuwa yau. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa zaɓin kayan tsafta bai taɓa zama sha'awar yarinya kawai ba. Abubuwa huɗu ne ke yanke mata hukunci, watau kuɗi da ruwa da sirri da wurin zubarwa.

2.0 Ƙasar da Ake Magana a Kanta

Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, sun yi iyaka da Jihar Bauci. Gundumomi ne na Masarautar Kano a zamanin Turawa, suka kasance cikin Jihar Kano daga 1967, har ranar 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, suka koma ƙarƙashin Masarautar Dutse. Saboda haka duk wani sauyi na ciniki ko na ilmi da ya sami Kano kafin 1991 ya shafe su. Jama'ar yankin akasarinsu Musulmi ne, Hausawa da Fulani, manoma da makiyaya, masu bin mazhabar Malikiyya.

Birnin Kudu ta yi suna saboda zane-zanen da ke jikin duwatsunta, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, da kuma duwatsu masu amo kamar kuge, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950. Abin lura a nan shi ne Fagg ya ambaci al'adar zuwan amare da ƙawayensu ɗaya daga cikin waɗannan duwatsu a lokacin biki. Watau al'umma ta tanadi buki na fili domin ranar da yarinya za ta zama matar aure. Ranar da jikinta ya balaga kuwa ba ta da kiɗa, ba ta da taro. A cikin ɗaki take wucewa, tsakaninta da tsohuwa guda. Wannan bambanci shi ne mabuɗin fahimtar duk abin da zai biyo baya.

3.0 Abin da Harshe ya Adana

Kalmar haila daga Larabci ta zo, haka ma kalmar al'ada. Wannan ya nuna cewa ta ƙofar karatun addini ne batun ya sami sunan da za a iya faɗa a gaban mutane. A cikin gida kuwa sakayawa ake yi. A ce wance tana fashin salla, ko ba ta da tsarki, ko ta yi baƙon wata. Idan ta fari ce, sai a ce yarinya ta girma. Biyu daga cikin waɗannan kalmomi ba jini suke nunawa ba, ibada suke nunawa. Bahaushiya ta fi sanin hailarta da abin da ta hana ta yi.

Kayan aikin kuwa sunansa na Hausa ne tsantsa: ƙunzugu, watau tsumman da ake naɗewa a tare jini da shi, a ɗaure shi a ƙugu. Kalmar ta rayu har ta haye kan kayan zamani, domin a yau ana cewa mace ta yi ƙunzugu ko da na kanti ta sa. Shi na kantin kuma aka raɗa masa suna audugar mata, alhali kuwa mafi yawansa ba auduga ba ce. Ɓargon itace ne da aka sarrafa, da leda, da wani gari mai tsotse ruwa. Sunan ya zauna ne domin auduga ita ce abin da mutane suka sani tun fil azal.

4.0 Abin da Littattafan Fiƙihu Suka Koyar

Kuskure ne a ɗauka cewa ilmin haila ya shigo ƙasar nan ne tare da boko. Ƙananan littattafan da almajiri ke farawa da su a makarantun zaure sun yi maganarsa ƙarara. Littafin Ahalari, wanda Abdurrahman al-Ahalari ya rubuta a ƙarni na 16, ya kasa mata gida uku: mai farawa, da wadda ta saba, da mai ciki. Mai farawa, watau yarinyar da wannan takarda ke magana a kanta, iyakar kwanakin da za ta ƙirga a matsayin haila 15 ne. Wadda ta saba kuwa, idan jini ya zarce kwanakinta, sai ta ƙara 3 na sauraro, muddin jimlar ba ta wuce 15 ba. Abin da ya haura haka jinin ciwo ne, za ta yi wanka ta ci gaba da salla. Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, ta bayyana alamomin tsarki guda biyu: bushewa, da fitowar wani farin ruwa a ƙarshen jini.

Wannan bayani yana da alaƙa kai tsaye da kayan tsafta. Ana gane bushewa ne ta hanyar sa ƙyalle ko auduga a fito da shi ba tare da jini ba. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin matan Madina da ke aika wa Nana A'isha auduga mai ɗauke da alamar fatsi-fatsi suna tambayar ko sun tsarkaka, ita kuma tana hana su gaggawa har sai sun ga farin ruwan. Haka kuma hadisi ya nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Hamnatu 'yar Jahshi nuni da auduga sa'ad da ta kai kukan yawan zubar jini, kuma ya koyar da cewa tufar da jinin haila ya taɓa a kankare ta, a cuɗa da ruwa, a ɗauraye, sa'an nan a yi salla da ita. Ashe ke nan a wurin Musulma ƙunzugu yana da aiki biyu: tare jini, da kuma zama ma'aunin da take sanin lokacin ibadarta.

Matsalar ita ce wannan ilmi ya fi zama a hannun maza. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka a Nurul Albabi ga malaman da ke karantar da almajirai a waje, su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, ba su san hukuncin tsarki da salla da azumi ba. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke ɗaukar karatu daga wurinta su kai wa matan ƙauyuka. Amma a mafi yawan gidajen talakawa, abin da ya isa ga yarinya taƙaitacce ne: ki daina salla, ki daina azumi, ki rama azumin ban da sallar, ki yi wanka idan ya ɗauke, kada ki bari namiji ya kusance ki.

5.0 Zamanin Ƙunzugu

Mu da muka tashi a hannun kakanni a wannan yanki mun tarar da ragowar tsohon tsari. Uwa ba ita ce malamar fari ba. Kunya ta shiga tsakaninta da 'yarta, musamman idan 'yar fari ce, wadda ko sunanta ba ta faɗi. Saboda haka kaka ce, ko goggo, ko matar da aka ba ta riƙon yarinyar, ke yage tsohon zane, ta nuna mata naɗi da ɗauri, ta koya mata wankan tsarki. Wasan da ke tsakanin jika da kaka shi ya buɗe ƙofar da kunya ta rufe tsakanin 'ya da uwa.

Dole kuma a tuna da shekarun aure. Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ta nuna cewa a zamaninta ana aurar da yarinya tana wajen shekara 13 ko 14. Ga shi kuma an san cewa inda abinci ya yi ƙaranci, aiki ya yi yawa, haila kan jinkirta. A Turai ma sai da shekarun fara haila suka sauko daga wajen 16 ko 17 a tsakiyar ƙarni na 19 zuwa wajen 13 a tsakiyar ƙarni na 20, sakamakon kyautatuwar abinci da lafiya. Idan aka haɗa waɗannan biyu, za a ga cewa tazarar da ke tsakanin hailar fari da aure gajeriya ce, wani lokaci ma a ɗakin miji yarinya ke fara gani. Bayan aure kuma ciki da goyo na wajen shekara biyu su kan ɗauke haila na tsawon lokaci. Watau matar da ta rayu a ƙarni na 19 ba ta ga yawan hailar da jikarta ke gani a yau ba, buƙatarta ga ƙunzugu ma ba ta kai ta jikar ba.

Tsumman kansa daga gida yake fitowa. Ƙasar Kano ƙasar auduga ce da saƙa da rini, kamar yadda Heinrich Barth ya shaida da ya zo Kano a 1851. Mata ke gurzar auduga, su shiɓe, su kaɗa zare, masaƙa su saƙa. Zane yana da matakan rayuwa: na fita unguwa, sa'an nan na zaman gida, sa'an nan na goyo, daga ƙarshe ya zama tsumma. Tsohon saƙi da ya sha wanki ya yi laushi yana tsotse ruwa sosai, kuma ba a sayen sa da ko anini.

Aibin tsarin yana wajen shanya. Ana wanke ƙunzugu da sabulun salo ko ruwan toka a makewayi, amma ba a shanya shi a igiyar tsakar gida inda rana za ta buge shi. Sai a rataye shi bayan ƙyaure, ko ƙarƙashin gado, ko a lulluɓe shi da wani zane. Dalili biyu ne suka jawo haka: kunyar kada namiji ya gani, da tsoron kada maƙiyi ya sami jinin mace ya yi mata sammu ya hana ta haihuwa. A gidan da ke da kishiyoyi wannan tsoro ba ƙarami ba ne. Tsumma mai danshi da aka ajiye a duhu kuwa matattarar ƙwayoyin cuta ne, yana jawo ƙaiƙayi da gogewar fata da wari. Wannan ya fi tsanani da damina.

6.0 Yadi da Makaranta

Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911. Daga nan yadin inji, irin su akoko da alawayyo da atamfa, ya yi ta kwarara zuwa kasuwannin ƙauye, har masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957. Yadin inji ya fi saƙi araha da sauƙin yagewa da saurin bushewa, saboda haka tsumma ya yawaita a hannun mata. Shigowar ɗan kamfai kuma ta rage dogaro da igiyar ƙugu, domin yanzu ana iya naɗe ƙyalle a ɗora kawai.

Amma babban sauyi makaranta ce ta kawo shi. An buɗe cibiyoyin karatun 'yan mata na farko na gwamnati a Kano da Katsina a 1930, sai dai 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatansu suka fi shiga. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, wadda ta yaye manyan mutane da yawa, ta maza ce. 'Yar talakan Gwaram ko Birnin Kudu ba ta shiga aji da yawa ba sai da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa ya fara a watan Satumba 1976. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar yaƙi da jahilci ta Jihar Kano a 1980, makarantun Islamiyya na mata suka bazu a shekarun 1980, aka kafa ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN a 1985. Makarantun kwana na 'yan mata, irin sakandaren haɗin kai da ke Gwaram, suka tara ɗaruruwan 'yan mata a wuri guda, nesa da kakanninsu.

Sakamakon haka ya kasu uku. Na farko, an sami sabon rukuni a cikin al'umma: budurwa baliga wadda za ta yi shekara biyar ko shida ko fiye tana haila kafin aure. Na biyu, wurin zama ya sauya. Matar da ke tsakar gida tana iya shiga makewayi ta sake ƙyalle duk sa'ad da ta so. Ɗaliba kuwa za ta zauna kan benci daga safe har azahar, sanye da tufafi masu haske, wani lokaci a gaban malami namiji, a makarantar da mai yiwuwa ba ta da makewayi mai ƙofa ko ruwa. Na uku, malamar fari ta sauya. Ƙawa da babbar ɗaliba da uwar ɗakin kwana da malamar Islamiyya suka gaji aikin kaka. A nan an sami riba, domin a Islamiyya yarinya na karanta babin haila da bakinta. An kuma yi hasara, domin wadda ba ta faɗa hannun kowa daga cikinsu ba, irin yarinyar da muka ambata a farko, sai jini ya zo mata ba ta san ko mene ne ba.

7.0 Audugar Kanti: Asalinta da Isowarta

Audugar da ake yarwa bayan amfani ba ta daɗe a duniya ba. An fara tallar irinta a Ingila a shekarun 1880, amma ba ta karɓu sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, sa'ad da ma'aikatan jinya mata suka lura cewa abin ɗaure rauni da aka yi da ɓargon itace ya fi tsumma tsotse jini. Daga nan kamfanin Kimberly-Clark na Amurka ya fito da Kotex a farkon shekarun 1920. Likita Earle Haas ya sami rajistar audugar matsi, wadda ake sawa a ciki, a 1933, aka fara sayar da ita da sunan Tampax a 1936. Leona Chalmers ta yi rajistar ɗan kofin roba mai tarar jini a 1937. Audugar farko da ɗamara ake riƙe ta. Mai manne wa jikin kamfai, wadda muka sani yau, ta bayyana ne a ƙarshen shekarun 1960.

A ƙasarmu audugar ta bi hanyar asibiti da makarantar kwana da kantin magani. Mai jego ta gan ta a ɗakin haihuwa, ɗaliba ta gan ta a jerin kayan da ake buƙata ranar komawa makaranta. Kamfanin Procter & Gamble ya fara aiki a Nijeriya a 1992, ya riƙa yin Always a Ibadan, talla ta kai sunan har ƙauye. Binciken da U. M. Lawan da abokan aikinsa suka buga a 2010 a kan ɗalibai mata 400 a birnin Kano ya nuna cewa matsakaicin shekarun fara haila kusan 13 ne, kuma mafi rinjayensu audugar kanti suke amfani da ita. Wannan hoton birni ne. A karkara tsumma bai taɓa barin gida ba, sai dai a haɗa: auduga ranar makaranta ko tafiya, tsumma da dare da ranar hutu.

Audugar kanti ta warware matsalar shanya, amma ta mayar da haila abin da ke cin kuɗi kowane wata, sau 12 ko 13 a shekara. Yarinyar da kunya ta hana ta gaya wa mahaifinta dalilin neman kuɗi, sai ta dogara ga uwa, ko ribar talla, ko kyautar saurayi, kuma kowa ya san haɗarin wannan na ƙarshe. Dokar Kuɗi ta 2019, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2020, ta cire harajin kayan masarufi daga audugar da aka yi a cikin gida. Amma janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira sun shafe wannan sauƙi, hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. A Disamba 2023 Procter & Gamble ya ba da sanarwar daina sarrafa kaya a Nijeriya, a 2024 kuma Kimberly-Clark ya ba da sanarwar rufe masana'antarsa ta Ikorodu wadda aka buɗe a 2022. Gidaje da yawa suka koma ga tsumma, amma a wannan karon tsumman leshi da yadin roba ne, waɗanda ba su tsotse ruwa kamar saƙi, kuma babu kakar da za ta koya naɗi.

8.0 Zaɓi a Yau

Kayan da ke gaban yarinya yanzu iri biyar ne, kowanne da sharaɗinsa.

Tsumma ba ya cin kuɗi, kuma ba shi da illa idan na auduga ne, aka wanke shi da sabulu, aka shanya a rana ya bushe ƙayau, ko aka goge shi da dutsen guga. Yana buƙatar ruwa da wurin shanya.

Ƙunzugun ɗinki, watau wanda tela ke ɗinkawa da yadi mai laushi hawa-hawa da maɓalli da shafin da ke hana yoyo, jikan tsumma ne da aka gyara. Ana sayen sa sau ɗaya ya yi shekara ko fiye. Sharaɗinsa ɗaya ne da na tsumma, kuma ɗaliba na buƙatar 'yar jakar da za ta sa wanda ta cire.

Audugar kanti ta fi sauƙi a makaranta da tafiya. Ana so a sake ta bayan awa 4 zuwa 6, amma tsada kan sa yarinya ta wuni da guda ɗaya, nan kuwa amfaninta ya koma illa. Zubar da ita ma aiki ne. Mata da yawa sai sun wanke ta kafin su yar, saboda tsohon tsoron nan na sammu, sa'an nan a jefa ta masai, inda ledarta ba ta ruɓewa, ta cika rami ko ta toshe bututu.

Audugar matsi ba ta yaɗu a nan ba, saboda tsada da kuma damuwar iyaye game da budurci. Ba a barin ta fiye da awa 8. A 1980 an janye wata iri mai suna Rely daga kasuwar Amurka bayan an danganta ta da wata cuta mai tsanani da ke zuwa da zazzaɓi da faɗuwar bugun jini, wadda ta kashe mata.

Kofin haila na roba mai laushi yana iya kai shekara 10, ana juye shi bayan awa 8 zuwa 12, a tafasa shi a ƙarshen kowace haila. Wani nazari da mujallar Lancet ta lafiyar jama'a ta buga a 2019 ya nuna cewa ba ya yoyo fiye da sauran kayan. Ya fi dacewa da matan aure, kuma yana buƙatar koyarwa da ruwa mai tsabta.

Ko wanne aka zaɓa, akwai abin da ya wajaba yarinya ta sani kafin ranar ta zo: jini kan ɗauki kwana 2 zuwa 7, a shekarun farko ba lalle ya zo a kan ƙa'ida ba, ciwon mara matsakaici ba cuta ba ne. Idan kuwa jini na jiƙa ƙunzugu kowace awa, ko ya wuce mako, ko ciwo ya hana ta tashi, ko ta kai shekara 15 ba ta fara ba, sai a kai ta asibiti. Cibiyar Lafiya ta Tarayya tana nan a Birnin Kudu.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa a zamanin da, ilmi na wurin malam, tsumma na wurin kaka, aure kuma na kusa. Makaranta ta tsawaita budurci, ta fitar da yarinya daga tsakar gida, kasuwa ta sayar mata da abin da a da kyauta ne. Ba za a koma baya ba, kuma ba ma fatan a koma. Abin da ya rage shi ne a cike gurbin da kaka ta bari.

Saboda haka muna ba da shawara huɗu. Ta farko, kwalejojin horon malamai su sa wannan darasi cikin horon kowane ɗalibi, mace da namiji, kafin a tura shi gwajin koyarwa. Ta biyu, a koya wa yarinya babin haila tun tana aji biyar na firamare, malamar Islamiyya da ta boko su haɗa hannu, domin fiƙihu ya riga ya ba mu harshen da ba ya jin kunya kuma ba ya batsa. Malamai su bayyana wa jama'a cewa shanya ƙunzugu a rana tsafta ce, ba abin kunya ba. Ta uku, Jigawa ita ce jihar farko a Nijeriya da aka tabbatar ta daina bahaya a fili, a watan Oktoba 2022. Ya kamata wannan himma ta kai ga makewayin 'yan mata a kowace makaranta, mai ƙofa da sakata da ruwa da wurin ƙona abin da aka yar. Ta huɗu, a koya wa telolin Birnin Kudu da Gwaram da Sara da ɗaliban ajin ɗinki yin ƙunzugun ɗinki da yadin auduga, sa'an nan kowace makaranta ta ajiye audugar kanti domin larurar gaggawa. Kenya ta cire haraji daga audugar mata tun 2004, ta kuma yi dokar raba ta ga ɗalibai a 2017. Rabon da ake yi ranar 28 ga Mayu, ranar tsaftar haila ta duniya da aka fara a 2014, abin godiya ne, amma ƙunshi ɗaya na wata ɗaya ne, saura wata 11.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna kira ga 'yan'uwanmu malamai mata, musamman 'yan wannan yanki, da su zauna da tsofaffin da suka rage su rubuta abin da suka sani game da naɗi da wanki da magungunan mara, tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.